Karanta Duwatsu da Kwaruruka a Kan Takarda: Darasi Daga Babban Kwarin Amurka

Gabatarwa

A ƙarshen watan Agusta na shekarar 1846, wani ayari na mutum sama da 80, maza da mata da yara, ya yada zango da kekunan shanunsa a bakin wani fili fari fat a yammacin Amurka. Ayarin, wanda tarihi ya sani da sunan madugunsa George Donner, ya bi shawarar wani mutum mai suna Lansford Hastings, wanda ya tallata wata hanya da ya ce yanke ce zuwa Kalifoniya. An shaida musu cewa kwana biyu za su yi su ƙetare filin. Ashe faɗinsa ya kai kimanin kilomita 130, babu ruwan sha, kuma a ƙarƙashin ɓawon gishirin da ya rufe shi akwai taɓo mai danƙo. Ƙafafun kekunan suka nutse, ƙishirwa ta fasa shanu da dama, tafiyar ta ci kwana shida. Wannan jinkiri, haɗe da wanda suka riga suka yi wajen sare hanya a cikin duwatsu, ya sa dusar ƙanƙara ta rutsa da su a tsaunukan Siyera Nebada. Daga cikin mutum 87 na ayarin, 48 ne kaɗai suka tsira da rayukansu.

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Ayarin ba shi da takardar da za ta nuna masa inda ƙasa ta hau da inda ta sauka, da inda ruwa yake da inda ya ƙare. Irin wannan takarda ita ce taswirar tudu da kwari. Wannan darasi zai bayyana yadda ake karanta ta, tare da ɗaukar misali daga yankin da wancan ayari ya ratsa.

1. Mece ce taswirar tudu da kwari?

Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, tana da tsawo da faɗi kawai, alhali ƙasa tana da hawa da gangara. Dabarar da masu zana taswira suka samo ita ce amfani da layin tudu, wanda ɗaliban labarin ƙasa suka fi sani da kontuwa. Layin tudu zane ne da ke haɗa dukkan wuraren da tsayinsu daga doron teku yake daidai. Mutumin da ya bi layin mita 1,500 a ƙasa, zai yi ta tafiya ba tare da ya hau ko ya gangara ba. Daga cikin waɗanda suka fara amfani da wannan dabara akwai masanin lissafi Charles Hutton, lokacin da yake ƙididdige girman wani tsauni a Sikotilan bayan awon da aka yi masa a 1774.

Abu biyu ne ya wajaba mai karatu ya duba a gefen taswira kafin ya shiga cikinta. Na farko shi ne ma'auni. Taswirorin Nijeriya da ake amfani da su a makarantun sakandare galibi ma'auninsu 1:50,000 ne, wato santimita 2 a takarda daidai yake da kilomita 1 a ƙasa. A Amurka kuwa, hukumar binciken ƙasa ta USGS, wadda aka kafa a 1879, ta zana mafi yawan taswirorinta a ma'aunin 1:24,000, inda santimita 1 ke wakiltar mita 240. Hukumar ta kammala wannan jerin na jihohi 48 a 1992, a kan takardu kimanin 55,000. Abu na biyu shi ne tazarar tudu, wato bambancin tsayi tsakanin layi da na kusa da shi. A yankunan tsaunuka na Amurka tazarar takan kasance ƙafa 40, kimanin mita 12.

2. Ƙa'idojin karatu

Ƙa'idoji biyar sun isa ɗalibi ya fara:

(a) Inda layuka suka matsu da juna, gangaren yana da tsanani. Inda suka yi nisa da juna, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce.

(b) Layukan tudu ba sa gicciye juna, domin wuri ɗaya ba zai kasance da tsayi biyu ba.

(c) Da'irori a cikin da'irori suna nuna tsauni, ta tsakiya ita ce ƙololuwa. Idan da'irar tana da ƙananan haƙora masu fuskantar ciki, to rami ne.

(d) Inda layi ya ƙetare rafi, yakan lanƙwashe ya yi tsini, kuma tsinin yana nuna wajen da ruwan ya fito.

(e) Kowane layi na biyar ya fi sauran kauri, kuma a jikinsa ake rubuta tsayi.

Alal misali, a taswira mai ma'aunin 1:24,000 da tazarar mita 12, idan aka ƙirga tazara goma a cikin santimita 1, ƙasar ta hau mita 120 a cikin nisan mita 240. Ke nan duk tafiyar mita biyu akwai hawan mita ɗaya, abin da keken shanu ba zai iya ba. Idan kuwa santimita 10 ne tsakanin layi biyu, hawan mita 12 ne a cikin mita 2,400, wato ɗaya cikin 200, wanda ido ba ya ma lura da shi.

3. Babban Kwari a kan taswira

Yankin da Amurkawa ke kira Great Basin, wato Babban Kwari, ya mamaye mafi yawan jihar Nebada da kusan rabin Yuta, da sassan Kalifoniya da Oregon da Idaho. Girmansa ya haura murabba'in kilomita 500,000, wato fiye da rabin Nijeriya. Tsofaffin taswirori sun zana wani kogi mai suna Buenaventura da aka ce ya ratsa yankin har teku, matafiya kuma suka yi ta nemansa. John C. Frémont ne ya zagaya yankin tsakanin 1843 da 1844, ya tabbatar da cewa babu wannan kogi, kuma babu ruwan da ke fita daga nan zuwa teku. Shi ne ya raɗa wa yankin suna.

Duk da sunan, wurin tarin kwaruruka ne masu yawa. Wanda ya shimfiɗa taswirar Nebada zai ga abin da ya yi kama da gonar da aka yi wa huɗa: kunya, kwari, kunya, kwari, duk sun miƙe daga arewa zuwa kudu. Kowace kunya jerin tsaunuka ce inda layukan tudu suka cushe, kowane kwari kuma fili ne mai faɗi inda takardar ta kusa zama fara. A Nebada kaɗai akwai jerin tsaunuka sama da 300 masu suna.

Dalilin wannan tsari yana cikin ɓawon ƙasa. Tun kimanin shekara miliyan 17 da suka wuce ake jan ɓawon wannan yanki gabas da yamma, har ya yi sirara ya tsattsage. Wasu ɓangarori suka zame ƙasa suka zama kwaruruka, wasu suka karkata suka ɗaga suka zama tsaunuka. Taswira tana nuna shaidar haka: sau da yawa gefe ɗaya na tsauni layukansa sun matsu ƙwarai, gindinsa kuma a miƙe yake kamar an ja shi da rula, domin nan tsagar take, ɗaya gefen kuwa gangarensa a hankali ne. Aikin bai tsaya ba. A ranar 16 ga Disamba 1954, girgizar ƙasa a kwarin Dixie da tsaunin Fairview na Nebada ta bar sababbin gaɓoɓi masu tsayin mitoci da dama a gindin tsaunukan.

Wani abin lura shi ne lambobin da ke jikin layukan. Ƙasan yawancin kwarurukan yana tsakanin mita 1,200 da 1,800 daga doron teku. Garin Jos yana kan tudun kimanin mita 1,200 ne. Ke nan abin da ake kira kwari a can, tsayinsa ya kai na Jos ko ya fi. Shi ya sa ake kiran wurin hamada mai tudu, mai zafi da rani, mai tsananin sanyi da dusar ƙanƙara da hunturu. Ƙarancin ruwan kuwa daga tsaunukan Siyera Nebada ne, waɗanda suka tokare yankin ta yamma, ƙololuwarsu ta Whitney tana da mita 4,421. Iska mai ɗauke da laima daga Tekun Fasifik tana hawa su, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a can, ta sauko gabas a bushe. Nebada tana samun kimanin milimita 250 na ruwa a shekara, mafi ƙaranci a duk jihohin Amurka. Abin da Kano ke samu ya ninka wannan wajen sau uku.

4. Daga ƙololuwa zuwa faƙo

Hanya mafi kyau ta fahimtar irin wannan ƙasa ita ce a ɗora yatsa a kan shuɗin layin wani rafi a bi shi. A can sama, layin cikakke ne, yana ratsa layukan tudu masu tsini, alamar kwazazzabo mai zurfi da ruwan narkakkiyar ƙanƙara. Da ya iso bakin tsauni sai siffar layukan tudu ta juye: maimakon tsini mai kallon sama, sai su zama baka-baka masu bunƙasowa wajen kwari. Wannan tarin tsakuwa da yashi ne mai siffar mafici, wanda ambaliya ta kwaso daga kwazazzabo ta baza. A nan shuɗin layin yakan koma tsinke-tsinke, alamar rafin da ba ya gudu sai lokaci-lokaci, daga bisani ya ɓace, domin ruwan ya nutse cikin tsakuwa.

Ruwan da ya nutse yakan sake ɓullowa a ƙasan maficin ko a bakin tsaga, inda taswira ke sa ɗan shuɗin ɗigo na idon ruwa. Mai lura zai ga cewa gidajen makiyaya da ƙauyuka da tsofaffin hanyoyi duk sun jeru ne a kan waɗannan ɗigo. A tsakiyar kwarin kuma akwai faƙo: busasshen tafki inda babu layin tudu ko ɗaya a nisan kilomitoci. Ruwan da ya isa nan ba shi da mafita sai sama. Rana tana tsotse shi, gishirin da ya ɗauko daga duwatsu yana zama. Ko kogin Humboldt, mai tsawon kimanin kilomita 500, ƙarshensa a irin wannan wuri ne. Wanda ya iya karatu, idan ya ga farin fili wanda rafuka ke shiga ba sa fita, zai san cewa gishiri da taɓo ne, ba makiyaya ba. Wannan shi ne sanin da ayarin Donner ya rasa.

5. Tafkunan da suka ƙafe

A jikin tsaunukan da ke bayan birnin Salt Lake akwai wasu dakali-dakali a miƙe, waɗanda suka bi tsayi ɗaya na ɗaruruwan kilomitoci, tamkar an zana layin tudu a kan ƙasar kanta. Masanin ƙasa Grove Karl Gilbert ya bayyana a 1890 cewa tsofaffin gaɓoɓi ne na wani tafki da ake kira Bonneville. A lokacin cikarsa girmansa ya kai kimanin murabba'in kilomita 51,000, zurfinsa ya haura mita 300, gaɓarsa mafi tsayi tana wajen mita 1,550. Kimanin shekara 17,500 da suka wuce ya ɓalle ta wata mashiga a Idaho, ya sauka da kimanin mita 100, daga baya bushewar yanayi ta ƙarasa shi. Gilbert ya kuma gano cewa gaɓoɓin da ke tsakiyar yankin sun fi na gefe tsayi da mitoci masu yawa. Nauyin ruwan ne ya danne ɓawon ƙasa, da ruwan ya tafi sai ɓawon ya ɗago.

Ragowar Bonneville shi ne Babban Tafkin Gishiri na Yuta, wanda ke kan tsayin kimanin mita 1,280. A nan ƙa'ida ta farko ta darasin nan tana da babbar ma'ana. Tun da layukan tudu na kewayensa suna da nisa da juna, ɗan sauyi a zurfin ruwa yakan janye gaɓa da nisa mai yawa. Tsakanin cikar da ya yi a 1987 da ƙafewar da ya yi a Nuwamba 2022, ruwan ya sauka da kimanin mita 7 kacal, amma faɗinsa ya ragu daga kimanin murabba'in kilomita 8,500 zuwa ƙasa da 2,500. Fari da karkatar da koguna domin noman rani da birane su ne manyan dalilai. Miliyoyin tsuntsaye masu ƙaura suna dogara da ƙananan halittun da ke cikin wannan ruwa.

6. Taswira a hannun masanin halittu

Iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a duk hawan mita 1,000. Ƙauyen Baker na gabashin Nebada yana kan tsayin kimanin mita 1,600, ƙololuwar Wheeler da ke bayansa tana da mita 3,982, kuma tsakaninsu bai kai kilomita 20 ba. Bambancin tsayin ya kusa mita 2,400, ke nan bambancin zafi ya kai wajen digiri 15. Saboda haka layukan tudu su ne kuma iyakokin mazaunin tsirrai da dabbobi.

A bakin faƙo sai ƙananan tsirrai masu jure gishiri. Sama da su akwai Artemisia tridentata, ɗan'uwan tazargade, wanda ya lulluɓe kwarurukan. Daga wajen mita 1,800 sai kurmin gajerun itatuwan junifa da fayin, wanda ƙwayarsa abinci ce ga al'ummomin Shoshone da Paiute tun kaka da kakanni. Daga nan taswira ke fara sa launin kore. Can kusa da mita 3,000 ake samun Pinus longaeva, itacen da ke cikin mafiya tsawon rai a duniya. A 1964 wani ɗalibi mai bincike ya sare ɗaya a tsaunin Wheeler, da aka ƙirga zobban jikinsa sai aka tarar ya kusa shekara 4,900. A 1986 aka mayar da wurin gandun ƙasa mai kariya. Sama da wannan kuma babu itace, sai duwatsu da gajerun ciyayi.

Ga dabbar da ke bukatar sanyi, kowane tsauni tsibiri ne, hamadar da ke kewaye da shi ita ce teku. A 1971 James H. Brown ya nuna cewa manyan tsaunukan yankin sun fi ƙanana yawan nau'o'in ƙananan dabbobi masu shayarwa, kamar yadda ake gani a tsibiran teku. Misali shi ne pika, ɗan'uwan zomo mai zama cikin tarin duwatsu, wanda zafi kaɗan ke iya kashe shi. Wani bincike na 2003 ya tarar ya ɓace daga wurare 7 cikin 25 da aka san shi a da. Idan yanayi ya ɗumama, dabbar takan hau sama, amma taswira ta nuna iyakar wannan gudu: kowace da'ira ta fi ta ƙasanta ƙanƙanta, kuma bayan ta ƙarshe babu wata.

Haka abin yake ga kifaye. Da tafkuna suka ƙafe, wasu suka maƙale a idanun ruwa. Wani ɗan kifi mai suna Cyprinodon diabolis, wanda bai wuce santimita 3 ba, mazauninsa na asali a duk duniya rami ɗaya ne a kudancin Nebada, mai ruwan ɗumi na digiri 33. Da famfunan noman rani suka fara rage ruwan ramin, Kotun Ƙoli ta Amurka ta taƙaita jan ruwan a 1976. Duk da haka, a ƙidayar 2013 kifi 35 kacal aka gani.

7. Dangantaka da Kwarin Cadi

Ɗalibin da ke Kano ko Haɗeja ko Damagaram yana zaune ne a cikin kwarin da ba shi da mafita zuwa teku. Ruwan kogin Kano da Calawa yana shiga kogin Haɗeja, ya haɗu da na Jama'are, ya bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Cadi, wanda ke kan tsayin kimanin mita 280. Asalin wannan kwari ya bambanta da na Amurka, domin faffaɗa ne, mai ƙarancin tudu, mai zafi. Amma ƙa'idojin karatun ɗaya ne. Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya ragu da kusan kashi tara cikin goma a farin shekarun 1980, saboda shi ma ba shi da zurfi kuma kewayensa shimfiɗe yake. Tudun rairayin da ya bi ta Maiduguri da Bama gaɓa ce ta tsohon tafkin da ya cika kwarin shekaru dubbai da suka wuce, kamar dakalan Bonneville. Gishirin Bilma da kanwar yankin Manga daga tsotsewar ruwa suka samu. Tsaunukan Azbin, inda ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, suna riƙe da wani nau'in zaitun na daji da ya rage daga zamanin da Sahara ke da laima, kamar yadda wasu kadoji suka rage a wani kududdufi na duwatsun Ennedi a Cadi.

8. Aikin aji

Malami zai iya nuna duk wannan da kayan da ke kusa. A gina tsauni da yumɓu a cikin daro, gefe ɗaya mai tsananin gangara, ɗaya mai sauƙi, a bar shi ya sha iska. A zuba ruwa mai zurfin santimita 2, a zana bakin ruwan a jikin yumɓun da tsinke. A ƙara santimita 2, a sake zanawa, har ruwan ya rufe tsaunin. A tsiyaye ruwan, ɗalibai su leƙa daga sama su kwafi abin da suka gani a takarda. Daga nan su amsa waɗannan tambayoyi:

1. A wane gefe ne layukan suka fi matsuwa, kuma me ya sa?

2. A taswira mai ma'aunin 1:50,000, nisan ƙauye biyu santimita 7 ne. Kilomita nawa ke nan a ƙasa?

3. Idan zafi a gindin tsauni mai tsayin mita 1,500 digiri 30 ne, nawa ake sa ran samu a mita 3,500?

4. Me ya sa raguwar mita ɗaya a zurfin Tafkin Cadi ke janye gaɓarsa da nisa fiye da yadda za ta yi a madatsar ruwa da ke tsakanin duwatsu?

Kammalawa

Taswirar tudu da kwari tana ba mai karatu tsayi da gangara. Daga waɗannan biyu ake gane inda ruwa zai bi da inda zai tsaya, daga nan kuma a gane inda tsiro da dabba da mutum za su iya rayuwa. A yau ana ɗaukar awon daga jiragen sama da taurarin ɗan'adam, ana kuma duba taswirar a kwamfuta da wayar hannu, amma layukan da ƙa'idojinsu ba su sauya ba. Injiniyan da zai gina madatsar ruwa, da mai haƙa rijiyar burtsatse, da jami'in gandun daji, da mai tsara unguwar da ambaliya ba za ta ci ba, duk da wannan karatu suke farawa. Ya kamata kowace makaranta ta nemi taswirar yankinta, ɗalibai su fita da ita su gwada abin da ke takarda da abin da ke ƙasa.